Korona ta wuce, numfashi bai koma ba: bayani a kan tabon huhu

 Daga Dogondutsi, Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dogonkiriya da Sukukutan, har Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa, da ƴan uwanmu masu karanta mu ta waya daga Yamai, Legas, Kwatano, Abijan, Aljeriya, Faransa ko Amurka, wannan bayani naku ne.

Akwai wata tambaya da ke yawan dawo mana. Mutum ya yi zazzaɓi da tari mai tsanani a shekarun korona, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga nan bai koma yadda yake ba. Da can yakan yi wuni da hauya a hannu, yanzu kunya biyu sai ya tsaya yana haki. Mace ta ja guga uku a rijiya sai ta dafa ƙirji. Wasu a gida su ce ragganci ne, wasu su ce tsufa, wasu kuma su ce iska ce ko sammu. To, shin korona na iya barin ɓarna a huhu bayan an warke? E, tana iyawa. Sai dai ba kowane haki ne nata ba, kuma a nan ƙasar tamu wannan magana ta biyu ta fi ta farko nauyi, kamar yadda za ku gani.

Yadda ta shigo mana

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, a Yamai. Kowa na tune da abin da ya biyo baya: rufe iyakoki, rufe makarantu, killace Yamai, da rufe masallatai har zuwa 13 ga Mayu. A farkon watan Mayun nan ne cutar ta yi ajalin ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar. An fara rigakafi a ƙarshen Maris 2021. Jimillar waɗanda gwaji ya tabbatar a ƙasa baki ɗaya ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu kuma 300 ne da ɗoriya. Amma gwajin ya fi yawa a Yamai da manyan garuruwa. Mutumin ƙauye da ya kwanta mako biyu da zazzaɓi, ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano, ya sha maganin masassara ya tashi, ba ya cikin wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan cutar ranar 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar tana nan tana yawo kamar sauran ƙwayoyin mura.

Abin da take yi ma huhu

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san huhu. Taushi gare shi, ba nauyi, in ka jefa shi a ruwa sai ya taso. In yaro ya hura maƙogwaron sai ka ga ya kumbura, ya saki ya koma. Abin da ya sa haka, cikinsa cike yake da ƴan mitsi-mitsin jakunkunan iska, a huhun mutum sun haura miliyan 300. Bangon kowace jaka ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba, kuma a jikinsa ƙananan hanyoyin jini suke manne. Ta wannan siririn bango ne oksijan da muka shaƙa ke ratsawa ya shiga jini.

Ga mafi yawan mutane korona kan tsaya a hanci da maƙogwaro. Ga wasu kuwa takan sauka har cikin jakunkunan nan. Jiki ya tashi yaƙi da ita, wurin ya kumbura, ruwa ya taru inda ya kamata iska ta shiga. Shi ne lokacin da majiyyaci ke buƙatar oksijan. In yaƙin ya ƙare, jiki ya shiga gyara. Yawanci gyaran kan yi kyau, a hankali kumburin ya sace, bango ya koma siririnsa. Amma inda ɓarnar ta yi zurfi, jiki kan yi ɗinki da nama mai tauri, irin wanda kuke gani a fatar wanda ya ƙone da wuta: ya warke, amma wurin ya ɗaure, ba ya miƙewa. Wannan shi ne tabon huhu.

Ku dubi zugazugin maƙeri. Muddin fatar tana da laushi, da ɗan motsin hannu iska ke fita. In ta bushe ta ƙandare, sai an sa ƙarfi, iskar kuma kaɗan. Haka mai tabon huhu yake. Yana zaune lafiya lau, ana hira da shi ba a gane komai. Da ya tashi tafiya ko ya ɗauki kaya, jiki ya nemi ƙarin oksijan, huhu ya kasa biya, sai haki. Sau da yawa da busasshen tari marar majina.

Ba tabo kaɗai ke kawo hakin ba. Korona na sa jini saurin daskarewa, kuma gudan jini na iya toshe hanyoyin jinin da ke cikin huhu, iska ta shiga amma ba jinin da zai ɗauke ta. Akwai kuma wanda huhunsa kalau yake, amma doguwar kwanciya ta cinye masa naman jiki, har da naman da ke jan numfashi. Akwai wanda tsoron da ya sha lokacin da numfashi ke ƙwace masa ya canza masa yadda yake shaƙar iska, ya koma gajere-gajere da sauri daga saman ƙirji. Masu bincike a jami'o'in Okisfod da Shefil a Ingila sun yi amfani da wani hoto na musamman da ake shaƙar iskar zenon, suka ga cewa a wasu masu haki iska ba ta ratsawa cikin jini yadda ya kamata, alhali hoton sikana na yau da kullum bai nuna komai ba. Saboda haka in an ce ma ɗan uwanku hotonsa lafiya lau, ba shi ke nuna ƙarya yake yi ba.

Wa ta fi kamawa, kuma ana warkewa?

A watan Oktoba 2021 OMS ta ba abin ma'ana a hukumance: alamomin da ke nan wata 3 bayan kamuwa, suka daɗe aƙalla wata 2, kuma ba a samu wata cuta da ta bayyana su ba. Ana ce mata doguwar korona. Ƙiyasin hukumar shi ne kimanin mutum 6 cikin 100 da suka kamu ne ke fama da ita. Yawancinsu gajiya ce, da mantuwa, da rashin barci, da haki. Masu tabo na gaskiya a huhu ba su kai haka yawa ba, kuma akasari waɗanda suka kwanta asibiti ne aka sa musu oksijan ko injin numfashi, musamman tsofaffi, masu shan taba, masu ciwon suga, masu ƙiba da masu tsohon ciwon ƙirji.

Binciken da aka fi ambato an yi shi ne a Wuhan ta ƙasar Sin, inda cutar ta fara ɓulla, aka buga shi a mujallar likitoci ta Lancet a Janairu 2021. An bi sawun mutum 1,733 da aka sallama daga wani asibiti. Bayan wata 6, mafi yawansu na da sauran wata alama. Cikin waɗanda aka auna huhunsu, ratsawar iska zuwa jini ta ragu ga kashi 22 cikin 100 na waɗanda ba su buƙaci oksijan ba, amma ga waɗanda suka fi jigata abin ya kai kashi 56. Kada lambobin nan su tayar muku da hankali fiye da kima. Mutanen asibiti ne, da nau'in ƙwayar na farko, kafin a samu rigakafi. Nau'o'in da suka zo daga baya, irin su Omikron, ba su cika sauka cikin huhu kamar na farko ba, kuma rigakafi na rage haɗarin kwanciya da na doguwar koronar.

Labari mai daɗi shi ne huhu na ci gaba da gyara kansa. Mafi yawan sauƙin kan samu ne cikin shekarar farko, wasu har cikin ta biyu. An ga irin haka da wata ƴar uwar korona mai suna SARS da ta ɓarke a 2003: an bi ma'aikatan asibiti a Bejin da suka kamu har shekara 15, aka ga ɓarnar ta ragu sosai a shekarar farko, abin da ya saura kuma ya tsaya wuri ɗaya. Haka tabon korona yake ga mafi yawan masu shi, ba ya ƙaruwa. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne ma'auninmu: mai hakin da ke ƙaruwa wata bayan wata, ko wanda hakinsa ya fara bana alhali ciwonsa tun 2020 ne, a nemi wani dalili.

Kafin a ɗora ma korona laifi

Nan ne muke so mu daɗe. A da, in mutum na haki ana cewa iska ce. Yanzu an samu sabon suna, ana cewa ragowar korona ce, a zauna gida. Duka biyun hanya ɗaya suke kaiwa, wato a makara.

Na farko shi ne tarin tibi, wanda wasu ke ce ma tarin fuka ko babban tari. Shi ya riga korona zuwa, kuma tana tafiya ta bar shi. Tarin da ya wuce mako biyu, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, ko jini a majina, ba a jiran komai, a kai majina gwaji. Maganin tibi kyauta ne a ƙasarmu, wata 6 ake sha ba fashi, kuma ana warkewa. Wanda ya zauna yana cewa korona ce, yana kwana ɗaki ɗaya da ɗiyansa, to yana raba musu ita ne. Shi ma tibi yana barin tabo a huhu, sau da yawa ma wanda ya fi na korona muni, kuma gwargwadon jinkirin magani gwargwadon girman tabon.

Na biyu zuciya. Mai hawan jini da bai san yana da shi ba, zuciyarsa kan gaji, ruwa ya taru a huhu. Alamarsa ƙafafu su kumbura, kuma ba ya iya kwanciya miƙe sai ya tara matasai, ko ya farka tsakar dare yana neman iska. Akwai kuma gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin jego. Likitoci a Zariya, Sakkwato da Yamai sun daɗe suna rubutu a kanta, saboda ƙasar Hausa na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya, kuma sun ja hankali a kan yawan kunun kanwa da zafin wankan jego, don kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Mai jego da ke haki da kumburin ƙafa, ranar nan za a kai ta asibiti, ba gobe ba.

Sai ƙarancin jini, wanda masassara, haihuwa kusa-kusa da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa. A duba cikin fatar ido da tafin hannu, in sun yi fari, gwajin jini ɗaya ya isa ya nuna. Sai asma, mai zuwa ta tafi, da shewa a ƙirji.

Sai ƙura. Samarinmu da yawa sun tafi biɗa wuraren zinariya, Jado, Cibarkaten, Komabangu da makamantansu. Ƙurar dutsen da ake fasawa da niƙawa tana shiga huhu ta zauna, ta yi tabon da ba ya gogewa, kuma shi kam yana ƙaruwa ko bayan an bar aikin. Tana kuma buɗe ma tibi ƙofa. Duk wanda ya yi aikin rami, ko ginar rijiya cikin dutse, ya faɗa ma lokotoro da bakinsa tun kafin a tambaye shi. Haka tsohuwar da ta yi shekara 40 tana girki da kara da itace cikin rufaffen ɗaki: ba ta taɓa shan taba ba, amma huhunta ya sha hayaƙi.

Mutum ɗaya na iya haɗa biyu ko uku cikin waɗannan, korona ta zo ta ƙarasa abin da ya rage na ƙarfin huhun.

Hanyar asibiti

A fara da CSI mafi kusa. A can za a saurari ƙirji, a auna hawan jini, a ƙirga numfashi. Babba mai lafiya yana zaune kan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Akwai wata ƴar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijan a jini. Daga 95 zuwa sama lafiya. Ƙasa da 90 abin gaggawa ne. Shawararmu, ku roƙi a auna sau biyu: kuna zaune, sannan bayan kun yi tafiya ta ƴan mintoci a tsakar asibitin, ko kun tashi kun zauna na minti ɗaya. Mai tabon huhu kan nuna 97 a zaune, da ya motsa lambar ta sauka da maki 3 ko 4 ko fiye. Yatsa mai sanyi, jan farce ko baƙin lalle na iya ruɗa na'urar. Bincike kuma ya nuna cewa a baƙar fata takan ɗan ƙara lamba sama da gaskiya, don haka in mutum na jin jiki, lambar ba ta isa a sallame shi ba.

Daga nan sai asibitin gunduma, inda ake gwajin majina da na jini, sannan radiyo, ba irin tamu mai magana ba, hoton ƙirji muke nufi. In abin ya fi ƙarfinsu su tura babban asibitin jiha a Doso. Sikana, wadda ita ce ke nuna tabo filla-filla, da awon hura iska cikin bututu don a ga ƙarfin huhu, da likitocin ƙirji ƙwararru, galibi sai Yamai: babban asibitin ƙasa, asibitin Lamorde da ake kira Amiru Bubakar Diallo, da Hôpital Général de Référence inda aka kwantar da masu korona a 2020. Tafiya ce ta kusan kilomita 270 daga Dogondutsi, ga kuɗin mota, ga masauki, shi ya sa bai kamata a tsallake matakan farko ba. Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ayyukan asibitocinta da rabi. Ku tafi da takardar turawa da duk tsoffin hotuna da takardun magani. Likita ya fi ƙaruwa da hoto biyu, na bara da na bana, a kan sabo guda ɗaya.

Akwai alamomin da ba a jiran safiya da su: haki na farat ɗaya da sukan ƙirji, tari da jini, leɓe ko harshe ya canza launi, mutum ya kasa ƙarasa magana ɗaya ba tare da ya tsaya ba, ruɗewa ko suma, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Wannan ta ƙarshe na iya zama gudan jini da ke shirin tafiya huhu.

Maganar magani

Gaskiya ɗaya ce: babu ƙwaya, babu allura, babu saiwa da ke goge tabon da ya riga ya ƙandare. Duk wanda ya ce muku yana da shi, aljihunku yake so. Abin da likita ke iya yi shi ne ya kashe kumburin da bai zama tabo ba tukuna, ya ba da maganin tsinka jini in akwai guda, ya buɗe hanyoyin iska in sun tsuke, ya yi maganin zuciya ko tibi in su ne.

Muna jan kunne a kan deksametazon, wadda ake ce ma dekisa. Gaskiya ne a Yuni 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna tana ceton ran masu korona da ke kan oksijan, na ƴan kwanaki, a gadon asibiti. Amma wadda ake saya a tiren mai talla ana sha wata da watanni, wasu ma don su yi ƙiba, tana ta da suga da hawan jini, tana cin ƙashi, tana kuma kwantar da garkuwar jiki har tibin da ke barci ya farka. Mai shan ta da daɗewa kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, ya je a rage masa a hankali. Su amoksisilin kuwa ba su da aiki a kan tabo. Hayaƙin magani da ake turara ma majiyyaci a lulluɓe, ko me aka zuba a garwashin, hayaƙi ne dai, kuma huhu mai rauni ba ya son sa.

Abin da ake iya yi a gida

Wanda ya fi amfani ba ya cin ko dala. In haki ya taso, a zauna a ɗan sunkuya gaba, a dafa gwiwoyi da hannuwa, a saki kafaɗu. A shaƙa ta hanci a hankali, a fitar ta baki da leɓe a tsuke kamar mai hura koko mai zafi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. A riƙa gwada shi ko ba a haki, safe da yamma, hannu a kan ciki ana jin yana tashi, har jiki ya saba.

Sannan tafiya. Kwanciya ba ta gyara huhu, ƙara kashe jiki take yi. A fara kaɗan, daga gida zuwa masallaci, a ƙara taku duk mako. Ma'auni mai sauƙi: in kana iya magana kana tafiya, daidai ne, in ba ka iyawa ka rage. Amma akwai wasu masu doguwar korona da in suka matsa ma kansu yau, gobe da jibi sai su zube kamar an yi musu duka. Irin waɗannan ba a tura su, sai dai su raba aiki gida-gida, su huta tun kafin su gaji. Ga manomi wannan na nufin noman sassafe, a bar zafin rana. Ga mata, a taya su daka da ɗaukar ruwa ba tare da gori ba.

Taba da shisha, a bari ɗungurungum. Murhu ya fita fili, ko a buɗe ma ɗakin girki taga, mai ciwon kuma ya nisanci hayaƙin. Lokacin hunturu, in hazo ya sauko, da lokacin sussuka da shiƙa, a rufe hanci da baki, takunkumin nan na zamanin korona ya fi rawani tare ƙura. Mai tabon huhu in mura ta kama shi da zazzaɓi, kada ya jira kwana uku kamar kowa, don shi ajiyarsa kaɗan ce.

Ga ƴan uwa na waje

Ku ne kuke aiko da kuɗin, saboda haka kuna da bakin magana. Kafin ku aiko da kwalin bitamin ko wani magani da kuka gani a WhatsApp, ku yi tambaya uku a waya: an gwada majina? An auna hawan jini da yawan jini? An yi radiyo? In amsar a'a ce, kuɗin mota zuwa asibiti shi ne farkon abin aikowa, tare da wanda zai raka tsoho ko tsohuwa ya ji bayanin likita da kunnensa. Ƴar na'urar yatsa ba ta da tsada a inda kuke, batir take ci, kuma guda ɗaya na iya yi ma unguwa aiki in akwai mai karatu da zai riƙa rubuta lambar da kwanan wata. Injin tace oksijan kuwa kada a saya sai likita ya ce, don yana son lantarki marar yankewa, kuma oksijan da garwashi ko taba ba su zama ɗaki ɗaya.

Ku kuma da kuka kwanta da korona a asibitocin can, in za ku zo gida ku nemi kofin takardunku da hoton sikana ku taho da su, da maganin da zai ishe ku har ku koma. Mai tabon da oksijan ɗinsa ke sauka ya tambayi likitansa kafin ya hau jirgi, saboda iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. In da zaɓi, a zo bayan damina ta faɗi, ƙura ta kwanta.